Taɓaryar da Baba Ya Ɓoye

Safiyar da soja suka karɓi mulki, cikin Afirilun 1974, ina 'yar shekara tara, mazan layinmu a Harobanda, unguwar hayin kogi, sun yi cincirindo a kan rediyon Baba suna sauraron kiɗan soja. Ba yaron da ya je lakkol, wato makaranta, ba wanda ya je aiki. Mutum ɗaya ce a gidan ba ruwanta da wanda ya hau ko wanda ya sauka, wato kakata Gwamma, mahaifiyar Baba. Sai zagaye tsakar gida take yi, tana leƙa bayan randa, tana ɗaga tabarmi, tana neman taɓaryarta. Ni kuwa na san inda take, domin a gabana Baba ya cusa ta cikin rufin zaure, ya ja mini kunne kada in faɗa.

Watanni biyu kafin nan Kaka ta zame a bakin kogi, faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba, amma wuyan hannunta na hagu ya karye. Baba, wanda akawu ne a wani ofis a unguwar Plateau, ƙetaren gada, ya kai ta gidan likita aka ɗauki hoton hannun. Lokotoro ya ce idan mace ta daina ganin al'ada, ƙashinta yakan rarake daga ciki kamar icen da gara ta ci. Iyakar abin da Baba ya riƙe ke nan. Dama kunya tana damunsa, don a wurinmu ɗan da Allah ya buɗa wa zaunar da uwarsa yake yi, ba a ga tsohuwarsa da kwano a kai ba. Hannun na warkewa ya kafa doka: ba daka, ba ɗibar ruwa, ba ƙetare gada da kwanon zogale zuwa kasuwar Petit Marché.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne Kaka ta riga ta ga ƙarshen irin wannan gata. Yayarta, Hajiya Tabawa, ɗanta ya zaunar da ita a kan katifa da matashi biyu, ko buta ba a bari ta ɗauka. Bayanta ya yi ta ranƙwafawa, har wata rana ta taka dokin ƙofa kawai ƙugunta ya karye, ba ta sake miƙewa ba. Kaka ce ke yi mata wanka, ita ke juya ta, ita kuma ta rufe mata ido. Takan ce, "Hutu ya cinye ƙafafun yayata, kuma da sunan ƙauna aka ba ta shi."

Shekarar fari ce, gero ya yi wuyar gani, sai jar dawar taimako mai tauri da ake rabawa. Innata da cikinta wata bakwai take fama da turmi da 'yar ƙaramar taɓarya, Kaka tana zaune a tabarma tana kallonta, haushi kamar ya kashe ta. Kwana goma ta yi haka. Ta daina tsokanata, ta daina cinye tuwonta. A rana ta goma na ga ta zo tashi ta kasa, sai da ta dafa bango. Tunda nake ban taɓa ganin ta dafa wani abu ba, matar da ke miƙewa da tulu a kai. Tsoro ya kama ni, hoton Hajiya Tabawa ya faɗo mini. Na jawo turmi zuwa zaure, na kife shi, na hau, na zaro taɓaryar.

Da azahar Baba ya dawo, tun daga bakin layi ya ji sautin dakan da ya sani. Ya shigo ya ce, "Iya, lokotoro ya ce ƙashinki ba ya da ƙwari." Ba ta ajiye taɓaryar ba. Ta ce, "Shi ya ce in zamna? Ka tambaye shi?" Baba kuwa bai tambaya ba. Ta ce, "Soja masu bindiga ba su hana ni daka ba, sai kai da na goya? In za ni karye, bari in karye tsaye." Kunnena ya sha murɗa a ranar, kuma har yau ban yi nadama ba. Abu ɗaya Kaka ta sallama, ta bar sauka gangaren kogi mai santsi. Washegari ta aza kwanon zogale, ta wuce sojojin da ke tsaron gada kamar ba ta gan su ba, ni ina biye da ita ina haki.

Ban ce taɓarya magani ba ce, ba ni da ilimin da zan rantse. Na dai san da ƙafarta ta zo sunan ɗana na biyu, bayanta a miƙe, tana yi wa masu dakan suna gorin ba su iya ba.

Yanzu Harobanda ta cika da injin niƙa, sai ka wuni ba ka ji daka ba, kuma ina kewar sautin nan. Ni ma al'ada ta ɗauke mini. Bara wata likita ta duba hoton ƙashina, ta ce in riƙa tafiya da ƙafa, in hau matakala, in ɗauki kaya daidai ƙarfina, domin ƙashin da ke ɗaukar nauyi ba ya saurin rarakewa. Dariya ta kama ni har ta tsargu. Ɗana kuwa kullum sai ya turo mini mota ya ce, "Mama, ki huta." Ina sa masa albarka, in sallami direban, in ɗaura ɗankwali in kama hanyar gada. Taɓaryar Kaka tana bayan ƙofar ɗakina, kuma ba a haifi ɗan da zai ɓoye mini ita ba.