Ranar da Surukina Ya Taka Mini Birki

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na je Horo Birni ɗauko matata daga wankan jego. Abokan tasha da yawa na manta fuskokinsu, amma wannan rana tana nan daram, har warin man birkin ina ji.

A lokacin ina jan a-kori-kura tawa ta kaina, ina ɗaukar albasa da gero daga ƙauyukan Shagari zuwa Bodinga da Sakkwato. Na saye ta a farkon mulkin farar hula, lokacin da harka ke gaba. Kafin a je ko'ina aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan gyara suka yi ɓatan dabo. Birkina ya fara laushi, sai ka taka ka sake takawa kafin ya kama. Mu direbobi ba mu ɗauki wannan a matsayin ciwo ba. Kowa a tasha famfo yake yi, har muna tsokanar juna cewa ƙafar dama ta fi ta hagu kauri. Da ƙyar na samu gwangwanin man birki guda ɗaya a Sakkwato, na jefa shi a aljihun mota, kullum ina cewa gobe zan kai wa bakanike.

Matata ta haifi 'yarmu ta fari a gidansu, kamar yadda aka saba. Da ta yi arba'in aka aiko in zo in ɗauke su. Na wanke mota tas, na sa babbar rigata ta Juma'a, na bar mahaifiyata a Bodinga da mata cike da gida ana girkin tarba. Gaskiya zuciyata ta riga ni isa. Kunyar 'yar fari ta hana ni ko ɗaukar yarinyar ranar suna, kuma ina ɗokin ta dawo ɗakina in kalle ta son raina ba mai gani.

Akwai ɗan gangare a ƙofar gidan surukina. Yana zaune kan tabarma a gindin dogonyaro na iso. Na taka birki, na sake takawa, motar ta wuce shi a hankali kamar ba ta san shi ba, ta je ta cusa hancinta cikin darnin maƙwabci.

Surukina manomin albasa ne, dogo, mara yawan magana. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri. Iyakar hirarmu ke nan. Ranar ma haka aka yi, sai da gaisuwa ta ƙare ya dubi motar, ba ni ba, ya ce, "Amaryata ba ta shiga wagga mota."

Amaryarsa ita ce jaririyar, irin wasan kaka da jika. 'Yarsa kuwa ko ambatonta bai yi ba, amma na san har da ita yake.

Na ce, "Baba, lafiyarta lau. Famfo kawai take so."

Ya ce, "Awo, na ga famfon. Ga darni can ya shaida."

Na san in tsohon nan ya faɗi magana ya gama. Ko dai birki ya gyaru, ko in koma Bodinga ni kaɗai in tarar da mata da tukwanensu. Na san abin da ke damun motar, iska ce ta shiga layin birki, kuma na iya fitar da ita. Amma aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana ciki yana takawa, ɗaya yana ƙasa da sifana yana kwance ɗan notin da ke bayan taya, mai da iska su fita, ya ɗaure, sannan na ciki ya ɗaga ƙafa. In ya ɗaga kafin a ɗaure, iskar ta koma ciki, man ya tafi a banza. Garin ba bakanike, samari kuma duk suna fadama ana haƙar albasa. Na bayyana masa haka kaina a sunkuye.

Ya ce, "To ni ba ni da ƙahwa?"

Mutumin da bai taɓa hawa komai ba sai jaki ya zo ƙofar direba, ya tuɓe takalmansa ya jera su a ƙasa kamar zai shiga ɗakin wani, ya yi bismilla ya zauna a bakin kujera. Na nuna masa abin takawa na tsakiya, wato birki, na ce kada ya taɓa sauran. Na cire babbar riga na shige ƙarƙashin mota.

A nan matsalar ta fito. Kalmomin aikin uku ne: taka, riƙe, saki. A gareji da tsawa ake faɗinsu. Ni kuwa bakina ya ƙi. Ta yaya zan ce wa uban matata "taka"? Sai na ji kaina ina cewa, "Baba, Allah ya ƙara girma, in ba damuwa a ɗan taka." Ya taka. Na kwance noti, mai ya tsarto. Kafin in gama jero, "Allah ya ba da lada, a daure a ɗan riƙe," shi ya ɗaga ƙafa yana amsa mini da amin. Na ji notin ya zuƙi iska, fuu. Muka sake, aka maimaita. Ina jin mata a bayan zaure suna danne dariya. Da na leƙa gwangwani na ga ya kai rabi, kuma ko taya ɗaya ba mu gama ba.

Sai na ji ƙofa ta buɗe. Ƙafafunsa suka zagayo, ya durƙusa, ya leƙo kansa ƙarƙashin mota. Ya ce, "Ɗana, dube ni."

Na dube shi. Ranar na san ashe matata idanunsa ta ɗauko.

Ya ce, "Kunyag ga taka za ta ƙare muna mai. Ka yi mani magana yadda ni ka yi ma jakina, kalma guda. In munka gama ka koma surukina."

Ya koma ciki. Na ce, "Taka," ƙasa-ƙasa. Ya ce bai ji ba. Na rufe ido na ce, "Taka!" Ya taka. "Riƙe." Ya amsa da ƙarfi, "Na riƙe." Na kwance, na ɗaure. "Saki." Haka muka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina ƙara mai a sama ina komawa ƙasa. Tun yana ɗari-ɗari har ya fara jin daɗin abin, in na yi jinkiri shi ke tambaya ko ya saki. A taya ta ƙarshe kumfa ta ɗauke, mai ya fito garau, ya ce abin ya yi tauri ƙafarsa ba ta iya kai shi ƙasa. Ɗan abin da ya rage a gwangwani bai cika cokali ba.

Na ɗauka an gama. Sai ya sa takalmansa, ya ce in koma saman gangaren in taho, shi kuma ya je ya tsaya a tsakiyar hanya. Hankalina ya tashi. Na roƙe shi ya bari in ajiye kwando a wurin.

Ya ce, "Kwando ba shi da jika. In ta tsaya gabana, ta tsaya ma amaryata."

Na taho a hankali. Na taka sau ɗaya, motar ta tsaya cak, tsakaninsu da shi kamar shimfiɗar tabarma. Ya matso ya ɗora hannu a kan bonet, na ji yana ta jero hamdala. Ashe shi ma tsoro yake ji, amma ya tsaya. Daga nan ya kawar da kai kamar yadda ya saba, ya ce wa zaure, "A hiddo masu kayansu."

Ya yi shekaru masu yawa bayan haka, kuma bai taɓa tayar da zancen ba. Kunyarmu ta koma yadda take, takalmi daga nesa, ido a ƙasa. Abu ɗaya ne ya ƙaru. Duk lokacin da zan yi masa sallama, sai ya dubi gefe ya ce, "Birki hwa?" In ce, "Lafiya lau, Baba." Na daɗe kafin in gane cewa 'yarsa yake tambaya, ta hanyar da bakinsa zai iya. Allah ya jiƙansa, na so mutumin nan kamar mahaifina.

Abin da na koya a ƙarƙashin motar nan shi ne, kunya tana da kyau, amma ranar da ran wani ke hannunka, magana a fili ita ce ladabi. Ban ƙara ɗaga gyaran birki zuwa gobe ba. Amaryar tasa yanzu tana da nata 'ya'yan, kuma idan mijinta ya durƙusa zai yi mini sallama, sai in ji kaina na dubi gefe ina tambayarsa birki.