Jarka Tara Ke Fita, Takwas Ke Dawowa Da Nauyi

Tun kafin mai shayi ya hura wuta yake isa tashar motocin yawon buɗe ido. Ba ya gaisawa da kowa sai ya zagaya motarsa sau biyu. Ya taɓa taya, ya leƙa lagireto, ya buɗe kowace jarka ya ɗanɗana ruwan, ko da kuwa shi ya cika ta jiya da hannunsa. In baƙo ya ce ya taho da ruwansa, amsar ɗaya ce: "Ban yarda ba, nuna mini." Da haka sunan ya bi shi. Shekara talatin da ɗaya ke nan Ban-Yarda-Ba yana kai mutane wuraren da suke tsallako duniya don su gani: tudun rairayin da ke gunji in iska ta taso, kogon da mutanen zamanin da suka zana raƙuman dawa a cikinsa, da tafkin gishiri mai ɗaukar ido.

Ba yabo ne ya fara kai ni wurinsa ba. Takardar ƙorafi ce. Wani direba ɗan'uwansa, wanda ake kira Dogo, ya rubuta wa hukumar yawon buɗe ido cewa tsohon yana tsayawa a hanyar kogo, ya ɗauki jarka da shebur ya ɓace bayan tudu, ya dawo da jarka wayam. A ƙasar da fasa-ƙwaurin man fetur yake bin rairayi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Hukuma ta ba shi mako biyu: ya yi bayani ko ya ajiye lasisi. Ya ce ba shi da bayani.

Na shiga motarsa a matsayin fasinja, ban faɗi aikina ba. Ba mu yi awa guda ba ya dube ni ta madubi.

"Ɗan jarida ne kai."

"Baba, me ka gani?"

"Baƙo rairayi yake kallo. Kai hannuna kake kallo tun daga tasha."

Da ya tsaya, na bi shi, bai hana ni ba. Bayan tudu ya ƙirga taku daga wata busasshiyar ƙaya, ya haƙa, ya zaro tsohuwar jarka, ya binne sabuwa. Ya buɗe tsohuwar ya miƙo mini. Na shinshina, na ɗanɗana. Ruwa ne. Ya juye shi a gindin ƙayar. Wuri huɗu yake da su a hanyar, kowace tafiya yana sabunta ɗaya.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa, har za ka rasa lasisi?"

"Ranar da direbobin tasha suka san akwai ruwa a hanya, ranar za su sauke jarka biyu su ɗora fasinja ɗaya. Ni na san 'yan'uwana."

Ban tsaya ga maganarsa ba, na nemi shaida. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa shekara huɗu da suka wuce lagireton motarsa ya fashe suna dawowa daga tafki, su bakwai, har da mahaifiyarta mai ciwon suga. Ruwan da ke motar ya tafi a inji da bakin mutane. Ya sa su zauna a inuwar mota, ya tafi a ƙafa, ya dawo da jarka a kafaɗa, ya ce makiyaya ya tarar. "Ko kashin akuya babu a wurin," in ji ta. "Na san ƙarya yake yi, amma ba a yi wa mai ruwa tambaya." Bakaniken tasha kuwa ya ce shi tun tuni ya lura shebur ɗin tsohon yana cinyewa fiye da na kowa, alhali motarsa ba ta kafewa.

A ƙarshe jami'in hukuma ya bi shi shi kaɗai, ya haƙa da hannunsa. An rufe maganar, lasisi ya tsira. Sai dai gwiwar tsohon ta ƙi, likita ya ce ya bar haƙa da dogon tuƙi. Ƙarshen watan nan zai ajiye makulli.

Baba, kai ne ka yarda a kira ka ɗan fasa-ƙwauri don kada wani ya fita da rabin ruwa. Kai ne ba ka yarda da taswira ba, ba ka yarda da waya ba, ba ka yarda da jarkar da ka cika da kanka ba, kuma a shekara talatin da ɗaya ba ka taɓa dawowa da gawar fasinja a mota ba. Na bincika wannan a hukuma da asibiti, haka yake. Mun gode.

Ya ba ni izinin rubuta wannan bisa sharaɗi biyu. Kada in faɗi wuraren, kuma in gaya wa direbobi cewa jarka ɗaya ba ta kai mutum bakwai gida, tana dai riƙe su har a zo. Na cika duka. Saura su, su ɗauki ruwansu cikakke, mai hali ya binne tasa a inda shi kaɗai ya sani.

Na tambaye shi wa zai bar wa wuraren huɗu. Ya nuna Dogo da haɓa, yana can yana wanke mota.

"Wanda ya kai ka ƙara?"

"Direba goma sha biyu ne a tashar nan. Shi kaɗai ya ƙirga jarkokina."