Tafiyar Kai Yaye Gidan Inna

Mun bar Rijiyar Zaki ana fitowa daga sallar asuba, ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da mutuniyata, 'yata mai wata ashirin da ɗaya a duniya, tana goye tana barci. Maigidan ya riƙo mana jaka har bakin titi. A ciki akwai kayanta kala biyar, garin kunun gyaɗa, sukari, da ƙaramin gwangwanin madara. Gidan Inna mahaifiyata muka nufa, wani ƙauye gabas da Bici. Yaye zan kai.

Masu bibiyata a nan sun lura na daɗe ban yi rubutu ba. Tun bayan babbar sallah jikina ya ƙi. In kwana ina barci, in tashi kamar wadda ta wuni tana surfe. Gashi yana biyo mataji. Ana kukan zafi ina neman rigar sanyi. Al'ada ba ta dawo ba tun haihuwa. A aji ina tsaye gaban allo da alli a hannu sai in manta abin da zan rubuta, yara suna kallona. Da na je asibiti likita ta tattaɓa wuyana, ta ce akwai wani ɗan ƙullutu a maƙogwaro mai fitar da sinadarin da ke tafiyar da jiki, homon suke ce masa, wataƙila shi ne ya samu tangarɗa. Ta ɗebi jini, ta ce in dawo bayan kwana goma. Ta kuma ce ba lallai ba ne shayarwa ce ta jawo. Wannan maganar ban ji ta ba, domin na riga na kama mai laifi. Yarinyar da ke cin tuwo, ta ci taliya, ta sauko ta ɗage mini riga a gaban baƙi, ai ba sai an yi dogon bincike ba.

Abin da mai adaidaita sahu ya karɓa zuwa tasha, a shekarun baya shi zai kai ni Bici ya dawo da ni. Motar da muka samu ƙarama ce, huɗu a baya, biyu a gaba. Tun da aka janye tallafin mai direbobi suka koyi wata sabuwar dabara: da an hau gangara sai a kashe inji, mota ta riƙa tafiya shiru kamar mai sanɗa. Babu wanda ya yi ƙorafi. Kowa ya san dalili.

Mun ratsa Dawanau gari bai gama wayewa ba, amma tireloli sun yi layi, leburori suna ta hawa da sauka da buhuna. Warin barkono da citta ya shigo ta taga, rabin motar ya kama atishawa. Yayana yana cikin masu dakon nan tun tsakiyar damina. Na leƙa ko zan hango shi, ban gan shi ba.

Daga nan sai gonaki. Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi ta jiran a shiga daji, ba kuwa za a shiga ba. Gona tana bin gona, wannan gida yana hango wancan, kuka da ɗorawa da gawo suna tsaye a tsakani. An gama girbin gero, dammuna na jingine. Dawa tana tsaye, wata kore shar, ta kusa da ita ganye rawaya, kara kamar tsinke. Wani dattijo da ke gaba ya nuna su da baki, ya ce, "Waccan ta ci taki, wannan ta ci addu'a." Direba ya yi dariya, dattijon bai yi ba.

A nan mutuniyar ta farka ta fara laluben wuyan rigata. Na yi niyyar daga wannan asubar an gama, saboda haka na miƙa mata biskit. Ta karɓa, ta duba, ta jefi ƙeyar direba da shi. Matar da ke gefena ta ce, "Ki ba ta mana, baiwar Allah."

Na ce, "Yaye zan kai ta."

Ta dube ni, ta dubi yarinyar, ta ce, "A wannan shekarar?" Ta mai da kanta taga.

A Bici muka karya da koko da ƙosai. Kokon yana nan yadda na san shi, da yajinsa. Ƙosan ne ya koma kamar goriba ta haifi jika. Muka hau babur. Hanyar burji ce, ruwan bana ya cinye gefenta, a wurare biyu sai da na sauka na taka. Da hantsi muka yi sallama a gidan.

Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai zaninta ya fi da zagayawa. Rumbuna biyu ne a gidanmu, ɗaya aka zuba wa geron bana, ɗayan kaji ne ke kwana a ƙarƙashinsa. Ban da ita akwai Sa'a, matar yayana, da ɗanta Habu mai wata goma sha takwas. Tun ranar sunansa Inna ta ba shi 'yata, ba ta kiransa sai da "angon Kano". Tana karɓar yarinyar daga bayana ta ce, "Ga amaryarka ta iso, tashi ka yi mata sannu da zuwa." Angon bai tashi ba. Yana zaune a tabarma, ciki a gaba, hannuwa sirara, gashin kansa ya yi ja-ja.

Aka kawo fura. Babu nono, da ruwan tsamiya aka dama. Inna ta ce masu tallan nonon ba su fasa zuwa ba, su ne suka fasa kira. Ta jawo jakata ta fiffito da kayan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki gwangwanin madarar ta girgiza a kunne.

"Wannan kwana nawa zai yi mata?"

"Zai yi sati biyu, Inna, in ana tsakura."

"Yara biyu ne a gidan. Ba zan ba ɗaya ɗayan yana kallo ba."

Ta tashi ta jiƙa ɓawon maɗacin da za a shafa mini, don yarinyar ta ɗanɗana ta haƙura, ta ajiye a gindin randa.

Bayan azahar Sa'a tana surfen dawa ni kuma ina zaune a inuwa, domin ko tayi ban iya yi ba. Tun zuwanmu na lura mayafinta yana naɗe a wuya duk da zafin da ake yi. Tana ɗaga taɓarya ya zame. Akwai kumburi a gaban wuyanta, ya kai ƙwan kaza. Gumi yana zuba kamar an watsa mata ruwa. Ta jingine taɓaryar, ta zauna a ƙasa, hannuwanta suna rawa.

Na ce, "Sa'a, tun yaushe?"

"Tun bazara, Yaya."

"Kin je asibiti?"

"An ce maƙoƙo ne. Ana yi mini rubutu."

Na yi mata irin tambayoyin da likita ta yi mini. Nata akasin nawa ne. Ni sanyi, ita zafi. Ni barci ba ya isata, ita ba ya zuwa. Tana ci ba ta ƙoshi, kuma kullum ramewa take. Ƙirjinta yana bugawa ko tana zaune. Ta faɗi duk wannan kamar tana ba da labarin wata. Da ta zo kan yaron ne muryarta ta sauya. Ruwan nono ya ja baya, shi kuma tun da ya yi gudawa sati biyu da suka wuce ya ƙi kunu, ya ƙi fura, sai nonon, nonon kuma babu.

Kamar ya ji ana maganarsa, ya rarrafo. Ta ba shi. Ya ja, ya saki, ya koma ɗayan, ya saki, ya fara wani irin kuka marar ƙarfi, irin wanda ba ya tashi ba ya sauka. Mutuniyata ta riga ta gama nata kukan ta yi barci a ɗakin Inna. Ni kuwa tun asuba ban shayar ba, ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, gaban rigata ya jiƙe har ina rufewa da hijabi.

Zan so in ce tausayi ne kawai, amma gaskiya rabinsa zogin da nake ji ne. Na ce, "Miƙo shi." Sa'a ta dube ni, ta miƙo. Ya ɗaga kai ya ƙare wa fuskata kallo, sannan ya kama. Ana jin ƙarar haɗiyarsa daga inda take zaune.

Inna ta fito daga madafa da ƙwarya a hannu, ta tsaya.

"Ke, kin san abin da kika yi?"

"Na sani, Inna."

"Ko sau ɗaya ya shiga cikinsa, shi ke nan. Babu aure tsakaninsu har abada. Shi da ita, da duk wadda za ki haifa nan gaba."

"Na sani."

Ta ajiye ƙwaryar, ta yafa mayafi, ta nufi gidan Baffa, ƙanen mahaifinmu, wanda yake limancin masallacin unguwar. Ta ce irin wannan ba a barinsa a bakin mata uku kawai, yara za su girma, masu shaida za su mutu. Baffa ya zo har zaure. Abu biyu ya tambaya: shekarun yaron, da ko an tabbatar ya haɗiya. Da aka gaya masa ya ce, "To ya tabbata, ɗanta ne. A sanar da iyayensu maza." Ya yi addu'a ya koma.

Ana cikin haka mutuniyar ta farka ta fito. Ta ga wani a wurinta. Ihun da ta yi sai da kaji suka watse. Ta taho da gudu, ta ture ƙafarsa, ta haye ɗaya cinyar, ta kama ɗaya ɓangaren, tana sha tana harararsa. A nan maganar yaye ta ƙare. Inna ta ɗauki jiƙon maɗacin ta zubar a bayan ɗaki.

Kafin magariba muka ci tuwon dawa da miyar kuka, daddawa ta ji, nama babu. Wannan shi ne girkin gidan na yini, sai ɗumame da safe in ya ragu. Muna wanke hannu Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki tafi da su. Ki kai ta wurin mai duba wuyan nan taki." Na kira maigidan na gaya masa komai. Ya ce, "To, Allah ya hore mana. Ku taho." Na kira yayana, ya ce mu tsaya a Dawanau ya gan su.

Washegari da hantsi muka kamo hanya a kan babura biyu. Inna ta ɗaure mana gero, kuka da busasshiyar kuɓewa, na ƙi karɓa, ta ce in na bari a nan ba ta yafe ba. Na bar mata sukarin. Shekara uku rabon Sa'a da wuce Bici, a mota sai tambayata take sunayen garuruwa. Yaran biyu suna jikina, ana karɓa-karɓa, fasinjoji suna ta yi mini barka da tagwaye. Ban gyara musu ba.

A Dawanau direba ya ce minti biyar zai ba mu. Yayana ya fito daga tsakanin tireloli da tsumma a ka, ƙaiƙayi har a gira. Wata biyu rabonsa da gida. Muka gaisa ta taga. Sa'a ta sassauta mayafinta kaɗan. Ya kalli wuyan, ya kau da kai. Ya miƙo hannu aka ba shi Habu, ya ɗaga shi sama kaɗan ya sauke, irin yadda mai dako yake gwada kaya kafin ya saɓa. Ya ce, "Haka ya koma?" Ya tsallaka titi da sauri ya sayo ayaba, ya turo ta taga, direba yana ta hon. Har muka yi nisa ina hango shi a tsaye a inda muka bar shi.

Da la'asar muka shiga gida. Maigidan ya riga ya kwashe littattafansa daga ƙaramin ɗaki ya shimfiɗa katifa.

Ranar Litinin na kai Sa'a asibiti. An ɗebi jininta, an ba ta maganin da zai lafa bugun ƙirjin kafin sakamako ya fito, har yau muna jira. Habu an auna damtsensa aka ba shi abincin tamowa na leda, yana lasa, yana kuma zuwa wurina. Nawa sakamakon ya fito: ƙullutun nan yana aiki ƙasa da yadda ya kamata, jinina kuma ya yi ƙasa. An ba ni wata 'yar ƙwaya da zan riƙa sha kowace safiya kafin in ci komai, da maganin ƙarin jini. Likitar ta sake cewa ba shayarwa ce ta jawo ba, kuma maganin ba ya hana ta. Wannan karon na ji. Ta ce dai in ci abinci kamar mai ciyar da mutum uku, na ce ta rubuta wa kasuwa.

Gajiyar tana nan, an ce sai an yi makonni kafin in ga sauƙi. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne. Wata huɗu ina ɗora wa yarinya laifin da ba nata ba. Ban kuma san cewa yaye ma sai mai hali ba, sai da na ga gidan da ba a iya yinsa. In kuna da 'yar'uwa a ƙauye mai goyo, kada ku tsaya a "muna lafiya" ta waya, ku je ku gani, ku kuma dubi abin da mayafi ya rufe.

Yanzu da nake wannan rubutun Sa'a tana barci tun azahar, ta ce rabonta da irinsa tun kafin a yi shuka. Su biyun kuma suna tsaye a bakin gado, kowa ya riƙe gefe ɗaya na zanina, suna jira in ajiye waya.