Ɓaunar da Ta Gaji da Gudu

A ƙauyenmu na ƙasar Bagwai babu daji. Gona ce manne da gona, ko zomo sai mutum ya yi sa'a yake gani. Amma kakarmu Inna Yalwa ta taso lokacin da kura ke leƙo turken awaki, don haka ta san namun dawa kamar maƙwabtanta. Da mun gama cin tuwo bayan Magariba, sai ta tura kara cikin murhu, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta.

Ba ta yarda a ce halin dabba daban yake da namu ba. "Barewa tana kukan ɗanta," in ji ta. "Kura tana da dangin da take jin kunya. Biri kuwa, ka je kasuwar Bici ka dawo ka ba ni labari."

Tatsuniyar da ta fi zauna mini ita ce ta ɓauna. "Ku kasa kunne, ga ta nan tafe," haka ta fara. Wai wani garken ɓauna ne ke shan ruwa a tafki ɗaya, zaki kuma kullum sai ya ɗauki guda. Da ya fito sai su watse, kowace ta tsira tana godiya ba ita aka kama ba. Rannan ya danne ɗan wata ɓauna mai baƙin hali, wadda ba ta ga maciji da wata tsohuwa mai karyayyen ƙaho. Garke ya kwasa a guje. Tsohuwar ta yi taku goma, ta ja ta tsaya, ta juyo.

"Ina za ki?" suka ce mata. "Ba ɗanki ba ne!"

Ta ce, "Na gaji da gudu."

Kunya ta tsayar da ta biyu, sannan ta uku, har garken duka ya juyo da ƙahoni a ƙasa. Zaki ya saki ɗan, amma sai da ya yage wa tsohuwar cinya. Da ɗingishi ta ƙarasa rayuwarta.

Na ce, "Inna, ba ta ji tsoro ba?"

"Kai yaro! Ƙafafunta huɗu rawa suke yi. Tsayawa kawai ta yi a kansu."

Shekaru suka ja, Inna Yalwa ta rasu, na zama magidanci. Sai wani mai hali daga birni ya fara kafa turaku a gonakin mutane, yana nuna takardar da ba wanda ya san inda ta fito. Ya cinye gona uku, kowa ya yi shiru, har da ni. Ta huɗu ita ce ta Malam Ɗanlami, wanda muka shekara biyu ba ma gaisawa saboda rigimar iyaka.

Da hantsi na ji ƙarar tarakta tana bi ta kan gyaɗarsa. Na ajiye fartanya, na je na zauna a kan kunya, a gabanta.

Direban ya ce, "Baba, tashi mana! Gonarka ce?"

Na ce, "Ba tawa ba ce. Kuma ba zan tashi ba."

Can sai ga liman ya zo ya zauna gefena, sai masu noma a gonar gaba, sai matan da ke dawowa daga rijiya. Maganar ta kai gaban dagaci, ta wuce gaba, aka tuge turakun. Rabin gyaɗar dai ta tafi, ni kuma na kwana biyu a tsare a hannun 'yan sanda.

Ina yaro na ɗauka ƙarfi tsohuwar ta fi sauran. Yanzu na gane zaki bai taɓa fin garke ƙarfi ba, ɗai-ɗai yake samunsu. An ce mutumin yana shirin dawowa bana. To, ya zo mana. Gonata ce a bakin hanya, ni zai fara tararwa.