Irin Tumatirin Iya

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a tsakiyar sanyi, shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke-wanke, yatsuna sun ƙandare, sai kakata Iya ta ƙwala mini kira daga ɗakinta. Na same ta durƙushe a bayan ƙofa da tsohuwar wuƙa a hannu, tana laluben bango tana kankare wani busasshen abu mai kama da kashin tsuntsu, yana zuba a kan tsumma. Da ta gama ta ƙulle tsumman, ta kamo hannuna ta danƙa mini, ta ce, "Ƙawata, bana ke ce manomiyar. Ki zuba rabi, ki dawo mini da rabi. Kin ji ko?" Na ce na ji. Hankalina kuwa yana wajen ƙawayena da na jiyo suna gaɗa a ƙofar gida.

Irin tumatir ne a cikin tsumman. Haka Iya take ajiye shi: duk shekara takan bar 'ya'ya biyu ko uku su nuna a jikin uwarsu har su yi laushi, sannan ta matse su a bangon ɗakinta, ƙwayoyin su bushe a nan inda ɓera da danshi ba sa kai musu. Da wannan iri ta zo gidan kakanmu tana amarya, daga wani ƙauye can gaba da Kongolam a tsallaken iyaka, a hannun mahaifiyarta ta samo shi. Ba a sayar da shi a kasuwar Sandamu, ba a sayar da shi a Daura. Ƙanana ne masu tsaga-tsaga, ba su da wani kyan gani, amma biyu sun ishi tukunyar miya. Tun zuwanta ba ta taɓa tsallake shekara ba ta shuka shi a bayan gida ba. A wannan shekarar ce yanar ido ta rufe mata gani, gwiwoyi kuma suka ƙi. Ta yi ta jiran sauƙi har lokacin zuba iri ya wuce da kusan wata biyu. Baba yana can yana fama da awakinsa tsakanin kasuwar Mai'adua da ta garinmu, ya ce tumatir ai ba abin wahala ba ne, ana samu a bakin titi. Innarmu tana jego. Sai ni, wadda ban taɓa shuka ko gyaɗa ba.

Iya tana zaune a kan tabarma tana faɗa, ni ina yi. Na sassaƙe ƙasa a gindin katanga, na marmashe takin awaki na gauraya da toka, na daidaita wurin da tafin hannu. Da na kwance tsumman na raba irin biyu, sai na ga rabin bai fi abin da kaza za ta tsince a tsattsaga uku ba. A lambun makaranta malaminmu da hannu yake dumbuzo irin alayyafo yana watsawa. Na ce a raina tsohuwar nan rowa ce kawai take damunta, na juye duka a ɗan wurin da bai fi faifai ba, na rufe da ciyawa. Da ta tambaye ni ina rabin, na ce na adana shi a gwangwani a ɗakin Inna. Wannan ita ce ƙarya ta farko, kuma ta fito mini da sauƙi har na ji mamaki.

Kwana shida suka tsiro, cunkus, kore shar. Na yi murna ba kaɗan ba. Saboda son da nake musu na riƙa shayar da su sau uku, har sau huɗu a rana, duk da Iya ta ce safe da yamma kawai. Ba a yi mako biyu ba suka fara ruɓewa daga gindi suna kwanciya. Waɗanda suka tsira kaji suka shiga musu wata rana ina makaranta, saboda na manta ban mayar da ƙayar da na toshe ƙofar shingen da ita ba. Ranar dashe goma sha ɗaya na ƙirga. Na ce wa Iya sun fi hamsin.

Daga nan wahala ta fara, wadda har yau in na tuna sai in ji wuyana ya yi tsami. In na yi sallar asuba sai in ɗauki gammo da bokiti in nufi rijiya, sawu biyu na gida, sawu ɗaya na tumatir. In dawo in yi shara, in kai niƙa, in sha koko a tsaye, in ruga makaranta in tarar an gama asambuli, mai tsaron ƙofa yana jirana da bulala. A aji gyangyaɗi nake yi, har malamin lissafi ya sa mini suna Sarauniyar Barci, 'yan aji suka kama. Da la'asar, in an taso daga makarantar allo, sa'annina su zauna carafke a inuwar dalbejiya, ni in wuce su da bokiti a ka, ruwa yana zubo mini a gadon baya. Na tsani tumatirin nan, gaskiya ke nan. Nakan tsaya a kansu ina zuba ruwa ina zaginsu a hankali don kada Iya ta ji.

Sanyi ya tafi, zafi ya shigo, tumatirin saura huɗu. Suka yi fure, furen ya yi ta kaɗewa saboda zafin rana. Rijiyar unguwarmu ta ja baya, guga yana fitowa da laka, aka koma ta bayan gari inda sai an yi layi ana jiran ruwa ya taru. Inna ta fara faɗa, tana cewa mutane da dabbobi ba su ƙoshi ba ana ba ciyawa. A cikin wannan hali ne ɗaya daga cikin shukokin ta yi 'ya'ya biyu, kore, kamar ƙwallon goruba da aka gama gwagwiya. Na kai hannun Iya ta shafa su. Ta yi dariya har na ga dasashinta, ta ce, "To alhamdu lillahi. Ki daure mini mako biyu, ƙawata, su nuna mu matse."

Ban daure ba. Babu wani abu da ya faru, ban yi ciwo ba, ba a aike ni ko'ina ba. Wata safiya ce kawai na dawo daga rijiya da sawu na biyu, na dubi bokitin, na dubi hanyar, na ji ba zan iya komawa ba. Na ce gobe. Goben ta zo na sake cewa gobe. Da yamma nakan ɗauki bokiti ba komai a ciki in zagaya bayan gida, in ɗan ƙwanƙwasa shi a ƙasa don Iya ta ji motsi, in zauna a gindin katanga ina kallon ganyen yana lanƙwashewa. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne daɗin da na ji a kwanakin nan. Na yi carafke, na isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. Kwana biyar na yi haka, a cikin zafin da ko kare ba ya fita.

Rana ta shida Iya ta ce in kama ta mu je ta gaishe da 'ya'yanta. Na ce rana ta yi, ta ce ta sani. Muka tafi a hankali, tana dafe da kafaɗata. Ta tsuguna da ƙyar, ta miƙa hannu, ganyen ya marmashe a yatsunta. Ta lalubo 'ya'yan biyu, sun yamushe, rana ta dafa gefensu ya yi fari. Ta tura yatsa cikin ƙasa, ta daɗe ba ta ciro ba. Sannan ta ce, "Ba komai. Ɗauko mini rabin nan na gwangwani, Allah ya kai mu baɗi."

Na fashe da kuka na faɗa mata komai, tun daga ranar farko. Na so ta dake ni, ko ta kira Baba. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna daɓas a ƙasa, ta share yatsanta da bakin zane, ta ce, "Kin gaji ne, Indo?" Na ce e. Ta ce, "Ni ma na gaji. Tun ba a haifi ubanki ba nake ɗaukar ruwan nan, ba wanda ya taɓa tambayata." Ta miƙo hannu na tashe ta. Ba ta sake ambaton tumatir ba har Allah ya karɓi ranta bayan shekara biyu.

Da na girma na yi cigiyar irin. Duk wanda na ji zai tsallaka iyaka sai in kwatanta masa, wasu su kawo mini wani abu daban, wasu su ce tsofaffin da suka san shi sun ƙare. Yanzu ina zaune a cikin Daura, akwai famfo a tsakar gidana, yarana sukan bar shi yana zuba su tafi kallon waya. Iri kuma ga shi nan a shaguna cikin 'yan fakiti masu hoto, manya-manya jajaye, ka sa goma a miya ka ji kamar ruwa. Ina shuka su a tsofaffin bokitai, ina ba su ruwa safe da yamma ba tare da na ɗaga komai a kaina ba. Sawun kwana biyar ne kawai na kasa yi mata.