Kifi Mai Wushirya

Ku matso kusa, jikokina, ku ara mini kunnuwanku.

A daminar 1998 muna zaune a birnin Guangzhou na ƙasar China. Baba yana sayen kaya yana lodawa a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, Inna tana dafa wa 'yan kasuwar Kano tuwo, ni da ƙanwata Rabi muna wanke kwanuka. A ƙasan benenmu akwai wata tsohuwa 'yar China mai sayar da busassun fikafikan babban kifin tekun nan, shak, Laban muke ce mata. Wata safiya ta sauko da busassun kawunan kifi biyu daga bango, kowanne faffaɗa kamar guduma. Dangi ɗaya ne, amma goshin ɗaya sumul yake, ɗayan kuwa da tsaga a tsakiya. Ta ɗora mai sumul a kan Rabi, ta nuna mai tsagar, ta nuna wushiryata, ta girgiza kai.

A Kano, wushiryar nan ita ce kyauna, har mata suna tsayar da ni in yi musu murmushi. A nan kuwa, wani ɗalibi mai cin abinci a gidanmu ya fassara mana cewa a wurin mutanen China arziki ta tsakanin haƙora yake zurarewa. Daga ranar Rabi kaɗai Laban take bari ta fara taɓa kaya da safe, ita ke zama kan kujerar bakin ƙofa, ita ke samun alewa. Na share wa Laban shago, na ɗebo mata ruwa, har na toshe wushiryar da farar takarda. Ta dube ni, ta ce, "Meyo," wato babu.

Rabi kan hau bene tana tsotsar alewa, ta ce, "Yaya, rufe bakinki kar ki zubar mana da ciniki."

Laban ta rasu bayan dawowarmu gida. Baba da Inna ma sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Rabi tana da shaguna a kasuwa. Ni ga ni a cikinku, ko makaranta ban yi ba.

Kwanan nan ɗan Rabi mai karatu ya nuna mini kifayen a waya. Ya ce saboda cinikin fikafikan nan, mai tsagar yana dab da ƙarewa a duniya, mai sumul kuwa ya ragu amma da sauransa. Na daɗe ina kallon nawa, mai tsagar. Ashe har cikin teku, Rabi ce mai rabo.