Ranar da Don Serafin Bai Jira Ruwa Ba

Sati biyu da binne mijina Abundio, ina zaune a matakalar da nake sayar da tamal, alalar masara da muke dafawa a ganye, riƙe da kyandir, na rasa yadda zan yi da shi. Na yi wa Uwargida Maryamu alkawarin kunna shi a ɗan ɗakinta da ke saman dutsen Kebrada, inda masu dirowa ke durƙusawa kafin su faɗa teku. Ni kuwa ban iya iyo ba, balle hawan dutse. Sai ga Don Serafin ya zo wucewa, jikinsa na ɗigar ruwa. Ya dube ni, ya dubi kyandir ɗin, ya ce, "Kawo nan, komadre." Ya naɗe shi da ashana cikin leda, ya cije ledar da haƙora, ya ƙetare lungun ruwan da ke gindin dutsen ya kama hawa. Bayan ya diro ya fito, ya ce mini, "Na kunna. Sau biyu iska tana kashewa, amma dai Uwargida ta ga niyya."

Komadre yake kirana domin shi ya riƙe 'yata Amparo ranar baftisma. Ɗan masunci ne, gajere, mai gwamen ƙafa. Tun yana shekara goma sha bakwai yake dirowa daga kan dutsen nan, kuma ba zan yi ƙarya in ce ya fi kowa kyan gani a iska ba. Akwai dogaye irin su Rutilo, waɗanda in suka buɗe hannuwa sai matan baƙi su dafe ƙirji. Abin da Don Serafin ya fi su da shi jira ne.

Ruwan lungun ba shi da zurfi sai igiyar teku ta shigo ta cika shi. Akwai wani baƙin dutse a gefe da muke kira Haƙori. Muddin ana ganin kansa, ruwa ya janye, wanda ya diro kuwa ƙasa zai tarar. Dole mutum ya bar dutsen tun igiyar tana tafe, yadda shi da ita za su iso tare. Don Serafin yakan tsaya a can sama, hannuwa a sake, kai a sunkuye, yana karanta teku. Ni daga ƙasa da carbina nake auna shi. Wata rana "A gaishe ki Maryamu" uku, wata rana sai na kai goma sha biyu bai motsa ba. Baƙi su yi ta fito da baki, ko a jikinsa.

In ya fito, Rutilo ba ya ƙyale shi. "Tsoho, gobe ka hau da tabarma da filo mana, mu san barci ka je yi."

"Je ka tambayi kafaɗarka wa ya tsamo ta bara," in ji Don Serafin, yana matse ruwa daga gashin baki.

Duk da bakin da masu dirowa ke yi masa, in teku ta rikice wurinsa suke zuwa. Ya ce a hau, a hau. Ya ce yau a haƙura, kowa ya ɗauki rigarsa. Shekara talatin da takwas bai taɓa shafar ƙasan lungun ba, kuma wannan ne kaɗai abin da ya mallaka da yake alfahari da shi. Gidansa ɗaki biyu ne, kunnensa na hagu ruwa ya daɗe da kashe shi.

Yana da shekara hamsin da biyar wani saurayi mai suna Dario ya zo daga babban birni, ya ce zai yi ɗan gajeren fim a kan tsohon mai dirowa. Yana da ladabi, ba ya kiransa sai da maestro, wato malam. Ya ce fim ɗin ba magana a cikinsa, baƙi da fari ne, sai dirowar ƙarshe kaɗai za ta fito da launi. Ya ɗaura wa Don Serafin wata 'yar kyamara a ƙirji, ya sa mutum guda ya nutse da wata a ƙarƙashin ruwa, ga ɗan jirgin nan maras matuƙi yana shawagi kamar zanzaro. Har abin naɗar sauti ya manna masa a wuya, wai yana son numfashinsa. Don Serafin ya yi ta cewa shirme ne, amma ranar farko sai ga shi ya zo da gashin baki baƙi ƙirin. Na ce, "Kompadre, me ya samu furfurar?" Ya ce, "Ta tafi hutu."

Da sassafe suke aiki, kafin baƙi da sauran masu dirowa su iso. Ni nake kai musu kofi da tamal, shi ya sa na ga komai.

Damuwar Dario haske ce. Akwai ɗan lokaci da rana ke leƙowa tsakanin duwatsu biyun da suka sa lungun a tsakiya, lungun ya yi ja kamar garwashi, kafin ka shanye kofi ya wuce. A cikin wannan hasken yake son dirowar ƙarshe. Teku kuwa ba ruwanta da rana. Safiya uku a jere hasken na zuwa ya tafi Don Serafin yana tsaye yana jira. A ta ukun na ji Dario ya ce wa mai kyamararsa, ba da ƙarfi ba, "Ko mu nemo wannan dogon, Rutilo? Shi ba ya ɓata lokaci." Don Serafin yana gefe yana goge jiki, kuma ta ɓangaren kunnensa mai ji aka yi maganar.

Kashegari, rana ta tara da fara aikin, Dario ya nuna masa wani farin tawul. "Maestro, in hasken ya yi daidai zan ɗaga wannan. Ba dole ba ne fa, don dai ka sani."

"Na ji," in ji shi. Ko kofinsa bai taɓa ba.

Ya hau, ya durƙusa gaban Uwargida, ya miƙe. Ban gama addu'a ta biyu ba lungun ya yi ja, tawul ya tashi sama. Na kalli ruwa, na ga Haƙori a waje, yana sheƙi. Na buɗe baki, amma ni mace ce da ba ta saba ɗaga murya ba, kafin ta fito ya riga ya bar dutsen. Har yau ina kai wannan shirun gaban Ubangiji.

Mai kyamarar cikin ruwa ne ya jawo shi. Kafaɗar dama ta farfashe, wuya ya taɓu. Ya rayu, amma hannun bai sake wuce ƙirjinsa ba. Da abokan aikinsa suka je asibiti ya ce musu ƙafarsa ce ta zame a kan gansakuka. Zamewa ba abin kunya ba ce, tana iya samun kowa. Suka yarda, suka rungume shi, har Rutilo ya yi hawaye. Ni ba wanda ya tambaye ni, ban kuma ce komai ba. Da ya fita asibiti suka ci gaba da zuwa wurinsa kowace safiya suna tambayar yadda ya ga teku. Hannu ya tafi, amma sunan yana nan.

Bayan wata takwas Dario ya dawo da fim ɗinsa, yana ta murna wai an yaba masa a ƙasashen waje. Ranar Alhamis ce, bayan an sha pozole, faten masara da nama, aka toshe tagogin zauren coci da barguna. Masu dirowa suka cika layin gaba, baƙin da Dario ya zo da su suna baya. Don Serafin ya sa farar rigarsa ta zuwa Mas, addu'ar coci.

Ba zan ce fim ɗin ba shi da kyau ba. Ga tafin ƙafarsa ya cika bango, ga yatsunsa suna laluben tsagar dutse, ga numfashinsa kamar a cikin kunnenka. Sai dai duk inda ya miƙe tsaye, nan take sai a ga ya diro. An yanke jiran kaf. Wanda bai san shi ba zai ɗauka wani mahaukacin tsoho ne da ke hawa ya faɗo, ya sake hawa ya faɗo.

Sai launi ya shigo. Dario ya rage gudun hoton, abin da ya faru cikin ƙiftawar ido ya koma kamar ba zai ƙare ba. Daga sama ɗan jirgin ya ɗauka, ana ganin komai. Ga ƙafafunsa biyu a kafe daram, ga gwiwa ta lanƙwasa, ga shi ya tunkuɗa da ƙarfinsa. A ƙasa kuma ga Haƙori tsirara, har da wata kaguwa tana tafiya a kansa. Dab da zai taɓa ruwa aka yanke, aka jona da hoton wata safiyar daban, ya ɓullo cikin kumfa yana dariya, hannu biyu a sama.

Na baya suka miƙe suna tafi. Layin gaba ko tari babu. Can Rutilo ya ce, bai ko juyo ba, "Ikon Allah. Ban taɓa ganin zamewa mai tsari irin wannan ba."

Dario ya zo ya durƙusa gaban kujerar Don Serafin, idonsa har da ƙwalla. "Ka gani, maestro? Na cire ciwon gaba ɗaya. A nan ba abin da ya same ka."

"Jiran fa? Ina ka kai shi?"

"Yana nan a ajiye. Amma mutane ba sa iya zaman kallon mutum a tsaye, maestro. Dirowar suke so."

"Dirowa?" in ji Don Serafin. "Ai ko buhun masara ka turo daga can zai diro." Ya tashi ya fita, yana riƙe da mataccen hannun da mai lafiyar.

Na san Dario bai nufi mugunta ba. Har ya koma garinsu bai gane abin da ya nuna ba, domin shi a idonsa Haƙori wani dutse ne da ya ƙara wa hoto kyau. Ina sa shi a addu'a, amma gaskiya sai na tilasta wa bakina.

Ba wanda ya kori Don Serafin, ba wanda ya zage shi. Suna gaishe shi kamar da. Kawai dai ba a sake tambayarsa labarin teku ba. In ta rikice sai su taru su yi shawararsu, su wuce ta gabansa su hau. Ya dawo yana zama kusa da tukunyata a matakala, yana miƙa wa masu saye tamal da hagu. Wani lokaci baƙo ya gane shi, ya ciro waya ya nuna masa dirowar nan, ya roƙi su ɗauki hoto tare. Yakan tsaya a ɗauka. Idonsa dai kullum yana kan lungun, in wani ya hau sai in ga leɓensa na motsi, yana ƙirga igiyoyin da ba wanda ya sa shi.

Shekara uku ya yi a haka, ciwon huhu ya ɗauke shi cikin damina. Fim ɗin yana nan yana yawo a wayoyi, ya fi shi tsawon rai. Ba wanda ya zo ya tambaye ni komai har yanzu, shi ya sa na sa Amparo ta sayo mini takarda in rubuta wannan.

Wata rana, ana saura 'yan watanni ya kwanta, muna zaune wani sabon mai dirowa ya daɗe a sama, baƙi suka fara fito da baki. Don Serafin ya juyo mini da kunnensa mai ji, kamar ni ce zan yi magana, sai kuma shi ya yi.

"Komadre, ke kaɗai kika ƙirga. In wani ya tambaye ki bayan ba ni, kada ki ce na zame, ba na son ki ɗauki zunubi saboda ni. Ki ce na bi tawul, gaskiya ne. Amma don Allah kada ki tsaya nan. Ki faɗa musu sauran ranakun, ki faɗa musu addu'a nawa kike yi kafin in diro."